Yanzu-yanzu da Ma'aunin da Ke Rawa

A layin masu sana'ar hannu da ke bayan babbar kasuwa, an yi wani kafinta da kowa ke kira Yanzu-yanzu. Ba banza aka sa masa sunan ba. In ka kawo masa aiki ka tambaye shi yaushe za ka dawo, amsarsa ɗaya ce: "Yanzu-yanzu." In matarsa ta ce abinci ya kusa nuna, sai ya buɗe tukunya ya ɗiba haka nan, ya ce cikinsa zai ƙarasa dafawa. Shayi ma bai taɓa bari ya huce ba, shi ya sa kullum harshensa a ƙone yake. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, kuma ya iya katako, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba shi da haƙuri ko kaɗan. Duk abin da zai sa ya tsaya ya duba sau biyu, to ya zama abokin gabarsa.

Shagonsa ɗaki ne guda mai rufin kwano, manne da na yayansa mai walda. Bango ɗaya ya raba su, da wata 'yar ƙofa a tsakani wadda ba a taɓa rufewa. Yaya ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Shi ya kai shi koyon aiki, shi ya yi masa aure, shi kuma ya yanka masa rabin shagonsa. Halinsu ya yi hannun riga. In Yaya zai haɗa ƙarfe biyu sai ya auna, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya sake aunawa. Shekarun walda sun riga sun ci ƙarfin idonsa na hagu, dishi-dishi yake gani da shi, na daman ne abin dogaronsa. Shi kaɗai da mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ba sa ce wa kafintan Yanzu-yanzu. Auta suke ce masa.

Shekara da shekaru da zarton hannu kafintan yake aiki. Da ya ga abokan sana'a sun fara wuce shi, sai ya shiga kasuwa ya sayo injin zarto mai tebur, irin mai arahar nan da ake kawowa a kwali. Tebur ne na ƙarfe marar nauyi, faifan zarto ya leƙo ta tsakiyarsa. A gefen dama akwai shingen ƙarfe da ake matsowa ko a ja baya in za a tsaga katako a tsaye. A gefen hagu an yi dogon kwarmi a saman teburin, inda ma'aunin kusurwa ke tafiya. Shi ma'aunin siririyar sandar ƙarfe ce mai kai kamar rabin faranti, an zana lambobi a jiki. Kafinta zai juya kan zuwa kusurwar da yake so, ya ɗaure, ya jingina katako a fuskarsa, ya tura zuwa bakin zarto. In ma'aunin na tafiya daidai, yankan zai fita daidai. In ya karkace, duk abin da aka yanka ya karkace.

Ranar da aka haɗa injin, Yaya ya shigo ta 'yar ƙofar don ya taya shi murna. Ya zagaya teburin yana sa albarka. Sai ya kama ma'aunin da yatsu biyu ya girgiza. Sandar ta yi ƙas-ƙas a cikin kwarmin, ta je hagu ta dawo dama.

"Auta, wannan abin naka rawa yake yi."

"Murna yake yi, Yaya, ya samu ubangida."

"Ba wasa nake ba," in ji Yaya. "Kwarmin ya fi sandar faɗi. Duk lokacin da ka tura, inda ta ga dama za ta kwanta, yankan yau daban, na gobe daban. Ba ni ita zuwa la'asar. Zan bi gefenta da ƙusar ƙarfe da guduma in ɗan bubbuga wuri-wuri, ƙarfen ya kumbura kaɗan har ta cika kwarmin. In ta yi tauri in shafe da magagari, ta riƙa tafiya sumul ba rawa. Kai kuma ka samo katako miƙaƙƙe ka ɗaura a fuskar nan, don ta yi gajarta, ba za ta riƙe dogon aiki ba. Ka manna masa sanfefa, takardar goge katakon nan mai kaushi, kada katako ya riƙa zamewa. Lambobin nan kuwa kada ka yarda da su, fenti ne kawai. Ka sa sukwaya, ƙarfen duba kusurwa, tsakanin fuskar da faifan ka daidaita, sannan ka yanka guntayen banza ka haɗa ka gani."

Yanzu-yanzu ya dafe kai. "Kai, Yaya! Ai sai in tsufa ban yanka komai ba. Waɗanda suka ƙera shi sun fi mu sani."

"Sun sani mana, shi ya sa suka sayar maka da araha. Sauran aikin sun bar maka."

"To na ji, zan yi."

"Yaushe?"

"Yanzu-yanzu."

Yaya ya yi dariya ya girgiza kai, ya koma shagonsa. Bai kai ga zama ba ya ji injin ya tashi.

Abin da ya ƙara lalata kafintan shi ne bai ga sakamakon ganganci da wuri ba. Benci ake kawo masa, da kantar shago, da akwatin kaya, da kujerun makaranta. Irin wannan aiki ko yanka ya ɗan kauce ba mai lura. In gaɓa ta buɗe baki, sai ya kwaɓa garin katako da gam ya cike, ya bi da fenti mai kauri. Aiki na fita da sauri, mutane na yabo. Duk sanda Yaya ya leƙo ya tuna masa da ma'aunin, sai ya nuna masa tulin aikin da ya gama.

"Ga shi yana rawa, ga shi muna cin abinci. Bar shi ya yi ta rawarsa."

Ana nan, wata safiya mai shagon madubi ta bakin titi ta zo da mota ɗauke da katako. Dattijuwa ce da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Da 'yan madubin hannu ta fara a kan tebur, a hankali har ta kama shago. Yanzu wani sabon otal ya ba ta aikin da bai taɓa zuwa hannunta ba: manyan madubai na ɗakunan baƙi, kowanne cikin firam mai kusurwa takwas. An riga an yanka maduban, firam kawai ya rage.

Aka sauke katakon. Yanzu-yanzu ya shafa ɗaya ya yi fito. Katako ne ja mai duhu, mai nauyi, da zane a jikinsa kamar an tsara da hannu.

"Hajiya, ina kika samo wannan?"

"Na sha wuya kafin na same shi, kuma shi ke nan, babu sauransa a kasuwa," ta ce. "Malam kafinta, zan gaya maka gaskiya. Duk abin da na mallaka yana cikin katakon nan da maduban nan. Masu otal sun ce ba sa son fenti, launin katakon suke so a gani. Saboda haka ba ciko, ba ɓoye-ɓoye. Gaɓa ta haɗu da gaɓa. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini tun yanzu, ba za mu ɓata ba."

"Haba Hajiya! Ni da injina? Ki je ki kwanta ki yi barcinki."

"An ce mini kana da sauri. Ni ba sauri nake nema ba, akwai lokaci. Kyau nake so."

"Za ki samu duka biyun."

Duk wannan magana a kunnen Yaya aka yi ta. Tana fita ya shigo yana goge hannu da tsumma.

"Auta, wannan ba benci ba ne. Firam mai kusurwa takwas guntaye takwas ne, kowanne yanka biyu. In kowane yanka ya kauce da kaurin gashi, kafin ka zagayo ƙarshe ya taru ya zama ƙofa. Kawo ma'aunin nan in gyara maka yau. Matar nan da kanta ta ce akwai lokaci."

"Yaya, akwai wani aikin da ke jirana bayan wannan."

"To ko gwaji ka yi. Ga guntaye nan zube a ƙasa, yanka takwas ka haɗa ka gani kafin ka taɓa katakon mutane."

"Ai lambar na nan a rubuce. In na ɗaura a kanta an gama."

Yaya ya daɗe yana kallonsa. "Ranar da ka gaji da taurin kai, ka san inda nake."

Ko da la'asar ta yi, Yanzu-yanzu ya yanka katakon gaba ɗaya. Bai bar ko sanda guda ba. Ya jera guntayen a jikin bango, ya koma gida yana waƙa. Matarsa ta tambaye shi ko ya gwada haɗa ɗaya ya gani. Ya ce mata ita ma ta koma makarantar Yaya ke nan, ya ja kwanon abinci.

Washegari ya share teburin aiki ya jera guntaye takwas. Na farko ya haɗu da na biyu, na biyu da na uku, har ya zagayo. Da ya zo gaɓar ƙarshe sai ya tsaya. Bakinta a buɗe yake, ɗan yatsa zai shiga. Ya ce wataƙila ya haɗa guntayen da ba nasu ba. Ya ɗebo wasu takwas. Waɗannan kuma ta ciki suka buɗe, ba ta waje ba. Ya ɗebo wasu. Kowane firam da irin tasa karkatar, domin kowane yanka da inda sandar ta kwanta lokacin da aka yi shi. Gumi ya karyo masa. Ya zagi katakon, ya zagi gam, ya zagi wanda ya sayar masa da injin. Ya ɗauko igiya ya zagaye firam ɗaya, ya sa sanda yana murɗawa don ya tilasta gaɓoɓin su haɗu. Sai ji ya yi ƙas, gunduwa ɗaya ta tsage daga kai har gindi.

Da hantsi mai madubi ta biyo don ta ga yadda ake ciki. Yana hango ta ya ja buhu ya rufe teburin, ya tare ta a bakin ƙofa yana murmushi.

"Hajiya, gam bai bushe ba, ba a son iska ta taɓa shi. Komai na tafiya daidai."

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi albarka. Jiya na yi barci kamar yadda ka ce."

Ta tafi tana sa masa albarka. A nan ma da ya tsaya, da ya leƙa ta 'yar ƙofar ya ce, "Yaya, na yi ɓarna, zo ka taimake ni," da an ceci wani abu. Amma kunya da gaggawa suka haɗu suka rufe masa ido. Ya yanke shawarar ya sake bin kowace gunduwa ya ɗan aske bakinta. Don tsawonsu ya zo ɗaya ba tare da ya tsaya aunawa ba, sai ya jawo shingen ƙarfen nan na dama kusa da faifan, ya riƙa dangana kan katakon da shi yana turawa da ma'aunin. Duk wanda ya san injin zarto ya san ba a haɗa waɗannan biyun. Katakon da ya shiga tsakanin shinge da faifai ba shi da wurin motsi. In ya ɗan juya, haƙoran zarto za su cafke shi su wurgo shi baya. Ga shi kuma ma'aunin da ke tura shi rawa yake yi.

Daga shagonsa Yaya ya ji kukan injin ya canja, yana gurnani yana shaƙewa. Ya ajiye abin da yake yi, ya cire gilashin walda, ya ɗauki guduma da ƙusar ƙarfe da wani miƙaƙƙen katako da ya daɗe da ajiyewa don wannan gyaran. Ya shigo. Kallo ɗaya ya yi wa teburin ya gane komai.

"Auta, kashe injin nan!"

"Yaya, na kusa gamawa."

"Ka ja shingen nan baya! Kana so ka kashe kanka? Kashe, na ce!"

"Saura wannan ɗaya. Yanzu-yanzu."

Yaya ya zagayo ta daman ƙanensa, ya sunkuya zai kai hannu ga makunnin da ke gaban teburin. A daidai lokacin Yanzu-yanzu ya tura katakon. Sandar ta kwanta gefe, katakon ya juya, injin ya yi wata ƙara kamar an fasa dutse. Gunduwar ta taso da kaifin bakinta ta sami Yaya a idon dama.

Gudumar ta faɗi. Yaya ya durƙusa ya rufe fuska da hannu biyu, jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Bai yi ihu ba. Salati kawai yake yi a hankali. Yanzu-yanzu ya tsaya kamar an dasa shi, injin na ta juyawa. Sai da maƙwabta suka rugo, wani ya zare wayar daga bango.

A asibiti likita ya fito ya same su a baranda, Inna da matar Yaya da kafintan. Ya ce idon ya fashe, ba abin da za a ceto, cire shi za a yi. Inna ta tambaya, na hagun fa? Likita ya ce wannan ya daɗe da lalacewa, zai riƙa bambanta haske da duhu, ya ga giccin mutum, amma ban da aiki. Inna ta zame ta zauna a ƙasa. Ta dubi ƙaramin ɗanta ta ce, "Auta, me ka yi?"

Matar Yaya, wadda a da ba sa haɗuwa da shi sai da tsokana da dariya, ta miƙe ta koma can ƙarshen barandar. Daga ranar ba ta sake kallon fuskarsa ba. In ya gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Labari ya kai wa mai madubi. Ta fara zuwa asibiti ta duba Yaya, sannan ta wuce shagon. Wannan karon ba buhun da zai rufe komai. Ta ɗauki guntayen ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Waɗanda ya aske sun gajarce, madubi ba zai shiga ba. Waɗanda bai aske ba ba sa haɗuwa. Ta nemi benci ta zauna.

"Hajiya, ki yafe mini. Zan nemo wani katakon, zan..."

"A ina?" ta ce. Muryarta ko tashi ba ta yi ba. "Na gaya maka babu. Na ce in ba za ka iya ba ka faɗa mini. Na zo da ƙafata, ka tare ni a ƙofa ka ce komai daidai. Da ranar ka nuna mini, da na san inda zan nufa."

Ta tashi ta gyara mayafinta. A bakin ƙofa ta juyo. "Ba zan kai ka ko'ina ba. Abin da ke kanka ya ishe ka."

Masu otal suka ba wani aikin. Maduban da aka yanka masu kusurwa takwas ba wanda ya saya. Kafin shekara ta juyo, mai madubi ta saki shagon, ta koma kan tebur a bakin titi da 'yan madubin hannu, inda ta fara tun tana da ƙarfinta.

Shagon Yaya ma ya rufe. Aka sayar da injin walda, aka sayar da sauran kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Babbar 'yarsa da ke karatun jinya ta tattaro kayanta ta dawo gida. Yaya ya koma zaman tabarma a ƙofar ɗakinsa, da baƙin tabarau a fuska da rediyo a gefe. Mutumin da bai iya zama ba aiki, yanzu sai an kama hannunsa an kai shi bayan gida. Abin da ya fi ci wa kafintan rai shi ne Yaya bai taɓa yi masa faɗa ba. In ya zo gaishe shi sai ya ce, "Auta ne? Zauna. Ya yara?" Da zai zage shi, ko ya ɗaga hannu ya mare shi, da ya fi masa sauƙi.

Aiki ya ɗauke. A layin ba mai kiran sunansa da dariya kuma. Masu kawo benci da kanta suka koma wasu shagunan, wasu don tsoro, wasu don haushi. Yakan buɗe shago da safe ya zauna yana kallon injin da ya lulluɓe da buhu, har yamma ya rufe.

Wata safiya ya yaye buhun. Gudumar Yaya da ƙusar da miƙaƙƙen katakon suna nan a lungun da maƙwabta suka tura su. Ya zare sandar ma'aunin ya ɗora a kan guntun ƙarfe. Ya bi gefenta yana bubbugawa, ya gwada a kwarmin, ya sake bugawa, ya shafe da magagari inda ta yi tauri, har ta shiga ta zauna cif. Ya girgiza ta, ko motsi. Ya ɗaura katakon a fuskar, ya manna sanfefa. Ya sa sukwaya, sai ya ga lambar da ya dogara da ita tun farko ma a karkace take. Ya daidaita. Ya ja shingen can baya. Ya kunna injin, ya yanka guntayen banza takwas. Ya jera su a tebur. Suka haɗu kamar tare aka halicce su, ko bakin reza ba zai shiga tsakani ba.

Ya manna su da gam, ya ɗauka ya nufi gidan Yaya. Ya durƙusa a gefen tabarmar ya sa masa a hannu. Yaya ya bi firam ɗin da yatsu, gaɓa bayan gaɓa, har ya zagayo inda ya fara.

"Ka gyara ke nan."

"Na gyara, Yaya."

"Ya yi kyau. Ya ɗauke ka lokaci?"

Kafintan ya sunkuyar da kai. "Kafin azahar na gama."

Yaya ya daɗe yana shafa katakon. Can ya miƙa masa, ya juya fuska wajen bango, ya lalubi rediyonsa ya ƙara murya. Wannan ne karo na farko da bai tambaye shi yara ba.

Gyaran bai dawo da komai ba. Ba wanda ya zo ya ga kyan yankan, shi ma kuma duk sanda injin ya tashi sai ya ji ƙarar ranar nan a kunnensa. Ga gida biyu a wuyansa, nasa da na Yaya. A ƙarshe ya sa injin a kasuwa. Wani dattijon kafinta daga wata unguwa, wanda bai san labarin ba, ya zo dubawa. Ya kama ma'aunin ya girgiza, ya tura shi gaba ya dawo da shi, ya yanka gunduwa biyu ya haɗa ya ɗaga wajen haske.

"Ikon Allah," ya ce. "Irin wannan injin na sha ganinsa, ban taɓa samun wanda ke yanka haka ba. Kai ka yi masa wannan aikin?"

"Ni ne, Baba."

"To Allah ya yi maka albarka, ɗana. Samun mai haƙuri irinka a wannan zamani sai an tona."

Kafintan ya taya shi ɗora injin a mota, ya koma cikin shagon da ba komai sai garin katako, ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko a asibiti. Yau yana kasuwar katako yana dako, yana sauke wa wasu kafintoci kaya daga mota. Abin da ya samu ya raba biyu, ya aika rabi gidan Yaya ta hannun Inna, domin matar Yaya ba ta karɓa daga hannunsa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ƙaramin gyaran da ka raina yau, ba ka san girman abin da yake tsare maka ba. Kayan aiki mai araha ba laifi ba ne, laifin shi ne ka san inda ya gaza ka ƙi tsayawa ka daidaita shi, ka ƙi gwadawa kafin ka taɓa amanar mutane. In wanda ya fi ka sani ya ce ka dakata, ka dakata. In ka yi kuskure, ka faɗa tun ana iya gyarawa, kada ka rufe shi da wani kuskuren. Kuma ka tuna cewa gaggawa ba mai yin ta kaɗai take ci ba. Sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka, wanda ya matso don ya cece ka, shi take fara samu. Haƙurin rabin yini a lokacinsa yana iya tsare ido da sana'a da zumunci. In lokacin ya wuce, ko ka yi haƙurin shekaru, ba abin da zai dawo.